Takunkumi ba ya zana iyaka a teku

A ranar 26 ga Agusta 2020 Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanonin ƙasar Sin guda 24 a jerin waɗanda ba za a sayar musu da kaya ko fasahar Amurka ba sai da lasisi. Laifin da aka ɗora musu shi ne hannu a cike teku da gina ƙirƙirarrun tsibirai a Tekun Kudancin Sin. Sai dai wanda ya bi kwanan wata zai ga ihu ne bayan hari. An fara aikin yashen a ƙarshen 2013, kuma kafin 2015 ta ƙare an riga an tara yashi da garin murjani a kan wurare bakwai na tsibiran Spratly, filin da Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ƙiyasta ya haura eka 3,200. Uku daga cikinsu, Fiery Cross da Subi da Mischief, an shimfiɗa musu titin saukar jirgi mai tsawon kusan kilomita uku. Jirgi ya fara sauka a Fiery Cross tun Janairun 2016. Kankare ya bushe shekara huɗu kafin takardar takunkumi ta fito.

Takunkumin tattalin arziki ba ya matsar da layin iyaka ko da taku ɗaya. Iyakar ƙarfinsa shi ne ya tsadar da wani aiki takamaimai da ake yi a cikin ruwan da ake jayayya a kansa, kamar haƙar rijiyar mai, ko yashe, ko shimfiɗa bututu. Ko wannan ɗin ma sai in mai aikin ya dogara da kuɗi ko injin ko inshorar wasu, kuma sai in an tare shi kafin ya gama. Da zarar ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya ɓace, abin da ya rage sanarwa ce ta nuna ɓacin rai.

Kafin a fahimci dalili, sai an san abin da ake faɗa a kai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a 1982 ta fara aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa mil 12 na teku a matsayin ruwanta na kanta, sannan mil 200 na yankin tattalin arziki, inda kifi da mai da gas duk nata ne amma jiragen kowa na da 'yancin wucewa. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Rigimar tana ɓuya ne a sashe na 121. Tsibiri na gaske yana jawo wa mai shi mil 200 ta kowace fuska, wanda in babu maƙwabci kusa ya kai murabba'in kilomita kusan 430,000, wato dab da rabin faɗin Najeriya. Dutsen da mutane ba za su iya zama a kansa su rayu da abin da ke wurin ba, mil 12 kawai yake samu, murabba'in kilomita 1,550 ko kusa da haka. Tudun da ruwa ke rufewa idan teku ta cika ba ya samun komai na kansa. Sashe na 60 kuma ya ce ƙirƙirarren tsibiri ba tsibiri ba ne a idon doka, komai yawan yashin da aka zuba masa. Shi ya sa ƙasashe ke zare wa juna ido a kan dutsen da bai kai filin ƙwallo ba.

Filifin ta kai ƙarar Sin a Janairun 2013, kuma ranar 12 ga Yuli 2016 kotun sasanci mai alƙalai biyar da ta zauna a Hague ta yanke cewa layin nan mai ɗigo tara da Sin ke zagaye yawancin tekun da shi ba shi da tushe a dokar teku, kuma babu ko ɗaya daga cikin tsibiran Spratly da ya cancanci mil 200. Kotun ba ta ce ga mai duwatsun ba, domin ba ta da hurumin wannan. Sin ta ƙi halartar shari'ar tun farko, ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin. A takarda hukuncin wajibi ne a kanta, amma yarjejeniyar ba ta tanadi ɗan sandan da zai zartar da shi ba. Ko hukuncin Kotun Duniya, wanda sashe na 94 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ana iya kai kukansa Kwamitin Sulhu, yana cin karo da kujerar na-ƙi. Amurka da kanta ta hau wannan kujera a 1986 lokacin da Nikaragua ta nemi a tilasta mata bin hukuncin da ta yi nasara a kanta. Wannan giɓin ne ƙasashe ke ƙoƙarin cikewa da takunkumin ƙashin kansu.

Kalmar takunkumi tana rufe abubuwa masu nauyi daban-daban, kuma kanun labarai ba sa bambancewa. Jerin Ma'aikatar Kasuwanci, wanda aka sa kamfanonin nan 24 a ciki, bai taɓa asusun kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne duk mai son sayar musu da kayan da suka fito daga Amurka, ko manhaja, ko kayan wata ƙasa da ke ɗauke da wani kaso na fasahar Amurka, sai ya nemi lasisi, kuma galibi za a hana. Kamfanin da ke ciki yana iya ci gaba da karɓar dala, ya ci bashi, ya shiga takarar kwangila a ko'ina. Jerin Baitulmalin Amurka shi ne mai dafi: ana daskarar da duk kadarar da ta shigo hannun Ba'amurke, a hana mu'amala da mai sunan, sannan duk kamfanin da yake da kaso 50 cikin ɗari ko fiye a ciki ya shiga tarkon ko da ba a ambaci sunansa ba. Tun da kusan kowace dala da ta tsallaka iyaka sai ta bi ta bankunan New York, bankunan Turai da Asiya da Afirka ma sukan janye hannu don kada abin ya shafe su. Sai kuma hana biza, wanda shi ne mafi sauƙi, da takunkumin da ke hawa kan wani fanni gaba ɗaya, kamar hana sayar da kayan haƙar mai a ruwa mai zurfi.

Amurka ta zaɓi na farko da hana biza, ta bar mai dafin a aljihu. Ba mantuwa ba ce. Wasu daga cikin kamfanonin rassa ne na CCCC, katafaren kamfanin gine-gine na gwamnatin Sin, wanda ke da ayyuka a ƙasashe masu ɗimbin yawa, ciki har da ƙawayen Amurka. Jiragen yashensa a Sin ake ƙera su, ba sa jiran safaya daga Texas. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar, fadar shugaban Filifin Rodrigo Duterte ta ce ba za ta bi sahun Amurka ba, za ta ci gaba da hulɗa da kamfanonin, ciki har da aikin filin jirgin sama na Sangley kusa da Manila da CCCC ke da hannu a ciki a lokacin. Wato ƙasar da aka ce ana yi dominta ita ce ta fara zamewa. A Disamban 2020 aka ƙara uwar kamfanin kanta a jerin, amma hakan bai hana reshenta China Harbour kammala tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki a Legas ba, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023.

Labarin CNOOC ya fi fito da abin fili. An sa wannan kamfanin mai na gwamnatin Sin a jerin ranar 14 ga Janairu 2021, bisa zargin ana amfani da shi wajen tsoratar da maƙwabta a tekun. Amma a cikin dokar aka cire ɗanyen mai da tataccen mai da gas, aka kuma cire ayyukan haɗin gwiwa da yake da su a wajen Tekun Kudancin Sin. Dalili bai ɓoyu ba: CNOOC na da kaso 25 cikin ɗari a yankin Stabroek na Guyana, inda ExxonMobil ke jagorantar aiki, kuma tun 2006 ya sayi kaso 45 cikin ɗari a yankin da rijiyoyin Akpo da Egina suke a ruwan Najeriya. Wanda ya ce zai shaƙe irin wannan kamfani sai ya shaƙe nasa tare da shi. An kuma yi ta gabatar da ƙudurin doka a Majalisar Dattawan Amurka tun 2017, wanda Marco Rubio da Ben Cardin suka ɗauki nauyi, domin a kai ga daskarar da kadarori, amma bai zama doka ba.

To a ina takunkumi yake cizo? A sarƙar aikin mai na teku, wadda ke da maƙogwaro da yawa. Mataki na farko jirgin bincike ne, mai jan igiyoyin sauraro masu tsawon kilomita da dama yana harba sauti ƙarƙashin teku don a zana taswirar duwatsun da ke ƙasa. Kamfanonin da ke da irin waɗannan jirage da manhajar fassara bayanan ba su da yawa a duniya. Na biyu jirgin haƙa, wanda hayarsa kan kai dala dubu ɗari da yawa a rana, rijiya ɗaya kuma a ruwa mai zurfi takan ci dala miliyan gommai, wani lokaci ta haura miliyan ɗari. A ƙasan teku akwai na'urar da ke datse bakin rijiya idan gas ya taso da ƙarfi, kuma masu ƙera ta da masu ba ta takardar shaidar lafiya tsiraru ne, yawancinsu a Amurka da Turai. Na uku inshora: ƙungiyoyi 12 na masu jirage da suka haɗa kai su ne ke riƙe da inshorar ɓarna ta kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyin jiragen da ke ratsa manyan tekuna, kuma jirgin da ba shi da ita tashoshi da yawa ba sa karɓarsa. Na huɗu banki, wanda ba ya ba da bashi a kan rijiyar da ba a tabbatar ta wace ƙasa ce ba. Na biyar mai saye, musamman a harkar gas, inda ba a fara gini sai an sa hannu a kwangilar sayarwa ta shekara goma sha biyar ko ashirin.

Duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan zai iya tsayar da aiki cikin kwana ɗaya. Bututun gas na Nord Stream 2, daga Rasha zuwa Jamus, ba rikicin iyaka ba ne, amma ya nuna yadda abin yake. A Disamban 2019, ana shirin sa hannu a dokar Amurka da ta yi barazana ga masu jiragen shimfiɗa bututun, kamfanin Allseas na Suwizalan ya dakatar da aiki ya janye jiragensa, ga shi saura ɗan kaɗan a gama. Sai ragowar labarin: Rasha ta kawo nata jiragen, Fortuna da Akademik Cherskiy, ta ƙarasa shimfiɗar a Satumban 2021. Takunkumin ya sayi kusan shekara biyu, bai sayi fiye da haka ba. Kuma kowane amfani da aka yi da shi darasi ne ga wanda aka yi wa, ya je ya mallaki nasa kayan aikin.

Turkiyya ta koyi darasin tun kafin a ɗora mata. Ta sayi jiragen haƙa na kanta, Fatih da Yavuz, daga baya Kanuni da Abdulhamid Han, duk a hannun kamfanin mai na gwamnati TPAO. A Mayun 2019 Fatih ya kafa a yammacin tsibirin Saifurus, a ruwan da Saifurus ke cewa yankin tattalin arzikinta ne, Turkiyya kuma ke cewa wani ɓangaren ƙasan tekunta ne, wani kuma haƙƙin Turkawan arewacin tsibirin. Yavuz ya biyo baya a Yuli. Turkiyya ba ta cikin yarjejeniyar 1982, ba ta ma amince da gwamnatin Saifurus ba, don haka babu kotun da za a kai ta ba da yardarta ba.

Martanin Tarayyar Turai ya zo daki-daki. A Yulin 2019 ta dakatar da tattaunawar yarjejeniyar sufurin jiragen sama, ta rage tallafin shirin shiga Tarayyar na 2020, ta nemi bankin zuba jarinta ya sake duba bashin da yake ba Turkiyya. Ranar 11 ga Nuwamba ta kafa dokar da ta ba ta damar hana biza da daskarar da kadarorin masu hannu a haƙar. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 ta cika jerin da sunaye: mutum biyu, manyan jami'an TPAO. Shi ke nan. Kamfanin kansa ba a taɓa shi ba, jiragen ba a taɓa su ba, masu kai musu kaya ma haka.

Me ya sa dutse ya haifi ɓera? Takunkumin Tarayyar Turai sai ƙasashe 27 sun amince baki ɗaya. Girka da Saifurus da Faransa na son a tsananta. Jamus da Italiya da Sifaniya na duban cinikinsu da bankunansu da ke da kuɗi a Turkiyya, da yarjejeniyar kwastan da ta haɗa ɓangarorin tun tsakiyar shekarun 1990, da kuma yarjejeniyar 2016 wadda a ƙarƙashinta Turkiyya ke riƙe da miliyoyin 'yan gudun hijirar Siriya a kan alkawarin yuro biliyan 6. A Satumban 2020 takaici ya kai Saifurus ga toshe takunkumin da ake shirin ƙaƙaba wa Belarus, wai sai an haɗa da Turkiyya. An lallashe ta da alkawari. A lokacin jirgin binciken Oruc Reis yana yawo da rakiyar jiragen yaƙi kusa da Kastelorizo, ɗan tsibirin Girka mai faɗin murabba'in kilomita tara da ke nisan kilomita biyu kacal daga gaɓar Turkiyya, har jiragen yaƙin ƙasashen biyu suka gogi juna a watan Agusta.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce ba a samu komai ba. Yavuz ya bar wurin a Oktoban 2020, Oruc Reis ya koma tasha a ƙarshen Nuwamba ana dab da taron shugabannin Turai na Disamba, sannan Girka da Turkiyya suka koma teburin tattaunawa a Janairun 2021 bayan shekara kusan biyar. Abin lura shi ne takunkumin da aka ƙaƙaba bai motsa kowa ba, wanda ake tsoron za a ƙaƙaba shi ne ya yi aiki, a daidai lokacin da kuɗin lira ke faɗuwa kuma sabuwar gwamnati ke shirin hawa a Amurka. Turkiyya ta janye jirage, ba ta janye da'awa ba. Taswirar da ta zana da gwamnatin Libiya a Nuwamban 2019 tana nan yadda take.

Akwai wani nau'in da ba a kiransa da sunansa, kuma a gaskiya shi ya fi yawan cin nasara. A Afrilun 2012 jiragen Filifin da na Sin suka yi cirko-cirko a tudun Scarborough da ke Tekun Kudancin Sin. A watan Mayu sai jami'an kwastan na Sin suka gano ƙwari a ayabar Filifin. Kwantena-kwantena suka tsaya a tashoshi ana bincike har ayabar ta ruɓe, kamfanonin yawon buɗe ido kuma suka dakatar da kai mutane. Babu wata doka da aka buga, babu jerin sunaye, don haka babu abin da za a kai ƙara a kai. Manoman tsibirin Mindanao na Filifin da masu fitar da kaya suka juya kan gwamnatinsu. A Yuni jiragen Filifin suka janye, na Sin suka zauna, kuma har yau su ke riƙe da wurin. An sassauta wa ayabar a 2016, lokacin da Duterte ya je Beijin ya ajiye maganar hukuncin kotu a gefe.

Japan ta ɗanɗana irinsa a Satumban 2010, bayan ta kama kyaftin ɗin wani jirgin kamun kifi na Sin da ya yi karo da jiragen tsaron gaɓarta kusa da tsibiran da take kira Senkaku, Sin kuma ke kira Diaoyu. 'Yan kasuwar Japan suka fara kukan cewa ma'adinan nan da ake yin maganaɗisun injina da kayan lantarki da su sun daina fitowa daga tashoshin Sin. Beijin ta musanta cewa ta hana. An saki kyaftin ɗin cikin wannan watan. Amma an biya farashi daga baya: Japan, wadda kusan kashi 90 cikin ɗari na ma'adinan nan daga Sin take samu, ta zuba dala miliyan 250 a kamfanin Lynas na Ostireliya a 2011, ta yi ta rage dogaro har ya sauko kusan kashi 60. Makamin da aka zare sau ɗaya kaifinsa ya ragu.

A Afirka ma an gwada. Kenya da Somaliya sun yi jayayya a kan ruwa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 100,000 a Tekun Indiya, Kenya na cewa layin ya miƙe gabas, Somaliya na cewa ya bi karkatar iyakar tudu zuwa kudu maso gabas. Shari'a na gaban Kotun Duniya tun 2014, amma a 2019 Kenya ta janye jakadanta, ta dawo da dokar da ta tilasta wa jiragen Mogadishu sauka a Wajir a bincike su kafin su wuce Nairobi. A Maris 2020 Somaliya ta hana shigo da mira na Kenya, ganyen da ake taunawa don ƙara kuzari, da hujjar korona, kuma korona ta lafa ba a buɗe ba. Ganyen nan ba ya jure kwana, ana tsinkarsa a Meru a yi gudu da shi zuwa filin jirgi, don haka rufe kasuwa na nufin ya bushe a hannun manomi. Haramcin ya kai Yulin 2022. Kotu ta yanke hukunci ranar 12 ga Oktoba 2021, mafi yawan ruwan ya faɗa wa Somaliya, Kenya ta ce ba ta yarda ba. Shekara biyu na wahalar manoma da 'yan dako bai ƙara wa kowace ƙasa ko mil ɗaya ba.

Sai matsalar doka, wadda masu kiran a sa takunkumi ba su cika son jin ta ba. Kafin ka hukunta wani don ya shiga ruwan wani, sai ka fara yanke cewa ruwan na wane ne, alhali wannan ita ce tambayar da ba a amsa ba. Dokar ƙasa da ƙasa ta raba matakai biyu. Akwai na nuna fushi wanda bai saɓa wa wata yarjejeniya ba, kamar hana biza ko yanke tallafi, wannan kowa na da ikon yi. Akwai na ramuwa, wanda a asali haramun ne amma ya halatta saboda ɗayan ya fara saɓa doka, kuma yana da sharuɗɗa: ya dace da girman laifin, ya zama na ɗan lokaci, a iya janye shi, a kuma yi gargaɗi kafin a ɗauka. Ko ƙasar da ba ita aka yi wa laifin ba tana da wannan haƙƙi, har yanzu malaman doka ba su daidaita ba. Ga Amurka kuma akwai ƙarin abin kunya, domin Majalisar Dattawanta ba ta taɓa amincewa da yarjejeniyar 1982 ba, abin da Beijin ba ta gajiya da tunatarwa.

Mafitar da ta fi ƙarfi ita ce a ɗora takunkumin a kan aiki, a bar maganar mallaka. Sashe na 74 da na 83 na yarjejeniyar 1982 sun wajabta wa ƙasashen da ba su gama shata iyaka ba su nemi tsarin wucin gadi, kuma kada su yi abin da zai lalata sulhun ƙarshe. A shari'ar Guyana da Suriname ta 2007, wadda ta taso bayan jiragen sojan Suriname sun kori na'urar haƙar wani kamfanin Kanada a 2000, kotu ta bambanta binciken sauti, wanda ba ya barin tabo, da haƙar rijiya, wadda ke canza ƙasan teku har abada, ta kuma ga laifin ɓangarorin biyu. Wannan ya ba mai tsara takunkumi abin kamawa: ya ce duk wanda ya huda rijiya a yankin kaza kafin a shata iyaka, ko ya ba da hayar jirgi, ko inshora, ko bashi, zai shiga jeri, ko daga wane ɓangare yake. Sai a rubuta abin da zai sa a ɗage, a sa kwanan wata, a sanar tun jirgi bai bar tasha ba. Takunkumin da bai faɗi ƙofar fita ba, wanda aka sa wa ba shi da dalilin canza hali. Wanda kuma ya nemi a sauka daga da'awar mallaka gaba ɗaya ya nemi abin da babu shugaban da zai iya bayarwa ya kwana a kan kujerarsa.

A mashigin Kerch, tsakanin Rasha da Kirimiya, yankin da Rasha ta ƙwace daga Yukiren, an ga iyakar abin. Tarayyar Turai ta sa kamfanoni shida a jeri a Yulin 2018 saboda gina gadar Kirimiya, wata biyu bayan an buɗe ta. Da Rasha ta kama jiragen sojan ruwan Yukiren uku da mutum 24 ranar 25 ga Nuwamba 2018, an sa jami'ai takwas a jeri a Maris 2019, kotun dokar teku ta Hamburg ta ba da umarnin saki a Mayu, amma mutanen ba su koma gida ba sai a musayar fursunoni ta Satumba.

Abin da ya taɓa tsayar da haƙa a yammacin Afirka kuwa umarnin kotu ne da ɓangarorin biyu suka yarda da ita. Gana da Kwaddibuwa sun miƙa rikicinsu ga wani zaure na musamman na kotun Hamburg, kuma a Afrilun 2015 zauren ya hana Gana huda sabuwar rijiya a yankin har a gama shari'a, ya bar waɗanda aka riga aka huda. Kamfanin mai na Tullow, wanda ke haƙar a ɓangaren Gana, ya bi umarnin, domin bankunansa da masu hannun jarinsa ba za su lamunci akasin haka ba. Filin man TEN da yake haƙa a yankin ya fara fitar da mai a Agustan 2016 da rijiyoyin da ke ƙasa, sauran suka jira har hukuncin 23 ga Satumba 2017, wanda ya ba Gana gaskiya a mafi yawan abin da ta nema. Najeriya da Sao Tome kuma ba su ma je kotu ba. A 2001 suka ajiye maganar layi gefe na tsawon shekara 45, suka ware yankin a matsayin na haɗin gwiwa, kaso 60 na Najeriya, 40 na Sao Tome, da hukuma guda mai ba da lasisi da ke zaune a Abuja. Man da aka yi zato bai fito da yawan da aka sa rai ba, kamfanoni da dama sun haƙa sun tattara sun tafi, kuma an yi ta ƙorafi kan yadda aka raba wasu filayen a zagaye na biyu.